Hutun Zanzibar: wace mota za ta ɗauke mu daga filin jirgi?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Muna shirin zuwa Zanzibar hutun mako guda a watan Agusta, mu shida: manya huɗu, yara biyu, ƙaramin shekararsa uku. Daga Kano za mu tashi. Otal ɗin da muka fi karkata gare shi yana Nungwi, akwai kuma wani a Paje da ya fi sauƙin kuɗi. Otal ya ce zai turo mota filin jirgi, amma kuɗin da suka yanka ya yi mana yawa. Mu karɓa, ko mu bari sai mun sauka mu yi ciniki da masu tasi? Waɗanda suka san wurin su taimaka mana.

Alhaji Mai Tikiti:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin a zo maganar mota, biza ta fito? Zanzibar ɓangare ce ta Tanzaniya, kuma masu fasfon Najeriya, Nijar da Chadi suna cikin jerin waɗanda ba a buga wa biza a filin jirgi. Sai an cike ta intanet, an tura takardu, hukumar shige da fice ta can ta duba ta amince. Su da kansu suna ba da shawarar a nema da wuri, kamar wata biyu kafin tafiya, kuma kada a yanki tikiti sai amincewa ta fito. To kada ku ba kowane direba ko otal kafin alƙalamin da ba a mayarwa alhali wannan takarda ba ta zo hannu ba.

Abu na biyu, katin rigakafin shawara. Wanda ya taso daga Najeriya za a tambaye shi. Allurar sai ta kwana goma kafin katin ya fara aiki, har na yaran. Na uku, inshorar dole. Tun 1 ga Oktoban 2024 duk baƙon da zai shiga Zanzibar sai ya sayi inshorar kamfanin gwamnatinsu, dala 44 ga babba, tana aiki har kwana 92. Ko kuna da wata inshorar daga gida ba ta ɗauke muku wannan. Ku biya ta intanet tun kuna Kano, ku buga takardar kowa a hannu, domin wanda bai biya ba a can zai tsaya yana cikewa da waya, direba kuma yana waje yana jira.

Maman Ilham:
Mun tura takardun biza, muna jiran amsa. Inshorar ce ban sani ba. Na gode Alhaji.

Injiniya Ɗan Zariya:
Hajiya, amsar tambayarki tana rataye da inda za ku kwana, don haka bari in ba ki nisan. Tsibirin da ake sauka sunansa Unguja, tsawonsa kusan kilomita 85. Filin jirgin Abeid Amani Karume yana kudu da birni kaɗan. Daga nan zuwa tsohon gari, wato Stone Town, minti 15 zuwa 20 ne. Paje tana gabar gabas ta kudu, kusan kilomita 50, awa ɗaya ko da ɗoriya kaɗan. Hanyar ta bi ta Tunguu, ta ratsa dajin Jozani, a Kitogani a karya zuwa bakin teku. Nungwi kuwa can ƙuryar arewa take, ta haura kilomita 60, kuma dole mota ta ratsa gefen birni ta bi ta Bububu da Mahonda. A lissafa awa ɗaya da rabi, idan an faɗa cunkoson safe ko na yamma ya kai biyu. Kilomitan ba su da yawa, amma titin hannu ɗaya ne a mafi yawan wurare, ga tudun rage gudu a kowane ƙauye, ga shingen 'yan sanda.

Farashin da aka saba ji ga mota guda: dala 10 zuwa 20 zuwa tsohon gari, 30 zuwa 50 zuwa Paje, 35 zuwa 60 zuwa Nungwi. Motar otal takan haura haka, saboda otal yana ɗora nasa kason a kan na direba. Tambayar farko da za ki yi musu: kuɗin na mota ne ko na kowane mutum? A nan ake yawan samun saɓani.

Baban Sadik:
Ni ban ga dalilin biyan kuɗin otal ba. Tasi cike suke a bakin fita, dare da rana. Ka fito, ka taya, ka wuce gaba idan bai sallama ba, na biyu zai sallama. Mutum huɗu manya ba za su kasa cinikin mota ba.

Hajiya Mai Rakiya:
Baban Sadik, maganarka daidai ce ga namiji ɗaya mai jakar goyo da ya sauka da hantsi. Ba ta dace da mutum shida da yaro ɗan shekara uku ba. Ka duba yadda fitar take: an sha layin shige da fice, an jira kaya, an bi ta na'urar kwastan, yara sun gaji. Da ka tura keken kaya ka fito, mutum biyar sun kewaye ka, wani ya riga ya kama hannun akwati. Cikinsu akwai direbobi na gaskiya, akwai 'yan kamasho da ba su da mota, aikinsu su yi ciniki da kai su miƙa ka ga wani su karɓi nasu. Shi wanda aka miƙa ka gare shi bai ji abin da kuka yi ba, sai an isa otal ya faɗi wani kuɗi daban. Wanda yake riƙe da yaro mai kuka ba shi da ƙarfin ciniki, kuma su ma sun san haka.

Sannan girman mota. Yawancin tasin can Toyota Noah ne ko Alphard. Kujeru shida zuwa bakwai ne, amma idan aka buɗe layin baya don mutane, wurin kaya ya kusa ƙarewa. Manyan akwatuna biyu ne za su shiga da ƙyar. Mutum shida da akwati shida ba za su shiga Alphard ɗaya ba. Ko dai a nemi Hiace, ko mota biyu. Idan ba a faɗa tun farko ba, a filin jirgi za a gane, kuma kuɗin mota ta biyu a lokacin ba ciniki a cikinsa.

Baban Sadik:
Na yarda da batun kaya. Amma har yanzu kuɗin otal ya yi yawa.

Hajiya Mai Rakiya:
Ai ba zaɓi biyu ne kawai ba. Na uku shi ne direba mai zaman kansa ko ƙaramin kamfanin sufuri da za a yi magana da shi ta WhatsApp tun daga gida. Shi ne tsaka-tsaki a kuɗi. Hanyar samun na kirki: a tambayi otal ɗin lambar direban da suke aiki da shi, ko a karɓa daga wanda ya taɓa shiga motarsa. Maman Ilham, ga abin da saƙonki zai ƙunsa, kuma ki sa ya maimaita miki a rubuce:

Ranar sauka da lambar jirgi, ba lokaci kaɗai ba, don ya riƙa duba ko jirgi ya yi latti. Yawan mutane da yawan akwatuna, manya nawa ƙanana nawa. Cikakken sunan otal da ƙauyen da yake, tare da alamar wurin a taswira, domin otal-otal masu kama da juna a suna suna da yawa, wani a Nungwi wani a Jambiani. Kuɗi gaba ɗaya, da cewa ya haɗa da kuɗin ajiye mota a filin jirgi da jira. Awa nawa zai jira kyauta idan an makara. Sunan da zai rubuta a allo. Daga ƙarshe ya turo hoton motar da lambarta da hotonsa.

Idan kun fito, kada ki fara faɗin sunanki ga wanda ya tare ki. Ki nemi allon. Wanda ya ce shi ne aka turo, ki tambaye shi sunan wa aka ba shi da otal ɗin da zai kai ku. Kuɗi kuma a biya bayan an sauke kaya a ƙofar otal. Idan ya dage sai kafin alƙalami, kada ya wuce kaɗan.

Malam Na Agadas:
Ina ƙara abu biyu kan lokaci, domin su suka fi sa mutum ya fito bai tarar da kowa ba.

Zanzibar tana gaban Najeriya da Nijar da awa biyu. Lokacin da ke kan tikiti na wurin sauka ne, kada a ƙara masa komai, a tura wa direba yadda yake. Kuma a duba kwanan wata da kyau. Mai tashi daga Kano ta Addis Ababa ko Doha sau da yawa washegari yake sauka, wasu jiragen ma tsakar dare. Idan tikiti ya ce 02:30 ranar 15, to daren 14 ne a wajen direba, kuma ɗakin otal ma daga ranar 14 za a kama. Wanda ya kama daga 15 zai zauna a harabar otal da yara har bayan azahar, lokacin da ake ba da ɗaki.

Na biyu, Waswahili suna ƙirga awa daga fitowar rana. Ƙarfe bakwai na safe shi ne ƙarfe ɗaya a wajensu, tazarar awa shida ke nan. Direbobin da suka saba da baƙi suna amfani da agogon da muka sani, amma idan saƙo ya bi ta hannun yaron mota ko mai gadi, ƙarfe huɗu na asuba yana iya komawa goma. Maganinsa a rubuta 04:00, a ƙara da cewa kafin sallar asuba. Mafi yawan mutanen tsibirin Musulmi ne, da ka ɗaura lokaci a kan salla an gama fahimtar juna.

Anti Mai Abinci:
Tunda an ambaci saukar dare, shawarata kada a kama hanyar Nungwi da ƙarfe biyu na dare da yara. Da an bar gari babu fitilun titi, akwai masu keke ba fitila, akwai amalanken shanu, direban kuma wataƙila tun safe yake kan hanya. Ku kwana ɗaya ko biyu a tsohon gari, ku huta, ku ga kasuwar Darajani da dandalin Forodhani da yamma, sannan ku wuce bakin teku da rana. Ko ba don dare ba, garin ya cancanci kwana biyu. Tun shekarar 2000 yake cikin wuraren tarihi na duniya na UNESCO.

Sai dai a san wannan: mota ba ta shiga mafi yawan tsohon gari. Lungunan irin na cikin birnin Kano ne wajen Kurmi, wani wurin mutum biyu ba sa jerawa. Tasi zai ajiye ku a bakin titi mafi kusa, sauran a ƙafa. Don haka a gaya wa otal lokacin isowa su turo ma'aikaci da kurar kaya ya tarye ku a inda mota ke tsayawa, direba kuma ya kira su tun yana hanya. In ba haka ba, duk wanda ya ɗauki akwatinku ya nuna hanya zai nemi lada, kuma taswirar waya tana ruɗewa a cikin lungunan saboda dogayen gine-gine. Mai tsoho ko mai ciwon gwiwa ya tambaya ko ɗakin a sama yake, domin yawancin gidajen tsofaffi ne, matakala ce mai tsayi ba na'urar hawa.

Injiniya Ɗan Zariya:
Anti, na yarda da kwana a gari, amma ni na fi son a ajiye shi a ƙarshen tafiya idan jirgin zuwa da rana ya sauka. Dalili: ranar komawa kana minti 20 daga filin jirgi, ba awa biyu ba. Taya ta fashe a Mahonda ko an rufe hanya don wani babba zai wuce, mai tasowa daga Nungwi ya shiga uku, mai tasowa daga unguwar Shangani a tsohon gari ko a jikinsa. Kuma tsarabar kayan ƙamshi, kanumfari da kirfa da sauransu, a ƙarshe ake saye, ba a yi ta yawo da su ba.

Anti Mai Abinci:
Hakan ma ya yi. Lokacin saukar jirgi shi zai raba gardama. Dare, a fara da gari. Rana, a ƙare da shi.

Ɗan Autan Zaure:
Yayyena, ba wanda ya ambaci daladala, motar haya ta jama'ar gari. Na ji an ce da 'yan dubban shilin za ta kai mutum Nungwi.

Malam Na Agadas:
Gaskiya ne ƙanena, ita ce mafi araha, amma ba ta ranar sauka ba ce. Babu wadda ke tashi daga filin jirgi kai tsaye zuwa bakin teku. Sai ka shiga ta gari, ka sauka, ka ja kaya zuwa tashar da motocin yankinka ke lodi. Na arewa daban, na Paje da Jambiani daban. Ta Nungwi lamba 116 ce. Wasu bas ne ƙanana, wasu kuma a-kori-kura ce da aka yi wa rumfa da benci biyu, ana zama gwiwa da gwiwa, kaya a sama. Ba ta tashi sai ta cika, tana tsayawa ko'ina, tafiyar awa ɗaya da rabi ta zama biyu da rabi, kuma da magariba suke fara ɗaukewa. A bakin titin ƙauye za ta ajiye ka, otal kuma yana iya zama kilomita ɗaya ko biyu cikin rairayi. Ga matashi mai jaka ɗaya da rana, babu laifi. Akwai kuma motocin haɗaka na baƙi da ke zirga-zirga tsakanin gari da bakin teku a kan kuɗin kujera, amma mutum shida idan suka haɗa kuɗin kujerunsu sun kai na shatar mota guda.

Kada kuma a gina lissafi a kan manhajar kiran mota irin yadda aka saba a Abuja ko Legas. A ƙauyukan bakin teku direban da ka riƙe lambarsa shi ne abin dogaro.

Baban Sadik:
To hayar mota mutum ya tuƙa kansa fa? Mako guda, ga yawo, ina ga ya fi sauƙi.

Injiniya Ɗan Zariya:
Yana yiwuwa, da sharuɗɗa. A hagu ake tuƙi, sitiyari a dama. Lasisinka na gida ko na ƙasa da ƙasa bai isa shi kaɗai ba, sai an yanka maka takardar izinin tuƙi ta Zanzibar, kusan dala 10, kamfanin hayar ne ke karɓo ta idan ka tura hoton lasisi kafin ka zo. A kowane shinge ita za a fara tambaya, tare da lasisin asali. Kafin ka karɓi mota ka duba takardar inshora da ke manne a gilashi ko ba ta ƙare ba, ka duba safaya da jak, ka ɗauki bidiyon jikin motar gaba da baya. Sau da yawa da ɗan mai kaɗan ake ba da ita, sai ka fara da gidan mai, kuma gidajen mai suna ƙaranci da an yi nisa da gari. Shawarata ko za a yi haya, kada a karɓa a filin jirgi bayan kwana a hanya. A sa su kawo ta otal washegari, ido ya huta, a koyi hannun hagu da rana. Mafi yawan kuskure a shataletale yake faruwa da wajen fitowa daga ƙaramar hanya, inda hannu ke komawa dama da kansa.

Maman Ilham:
Allah ya saka da alheri. Mun ajiye maganar tuƙi. Tsakanin Nungwi da Paje fa, wanne ya fi da yara? Bambancin kuɗin motar ba shi da yawa yadda na gani.

Hajiya Mai Rakiya:
Teku ce za ta zaɓa miki, ba mota ba. A gabar gabas, Paje da Jambiani da Matemwe, ruwa yana janyewa sau biyu a yini, ya yi nisa ƙwarai, har sai an yi tafiya mai tsawo kafin a kai inda zai kai gwiwa. A lokacin ne za ki ga mata sun shiga gonakin ciyawar teku, sun kafa turaku da igiyoyi suna ɗaure tsiron. Abin kallo ne, yara kuma suna jin daɗin ƙananan kududdufai, amma dole takalmin roba saboda ƙayar teku, wadda idan ta shiga ƙafa karyewa take a ciki. Wanka sai an bi jadawalin cikar ruwa, kuma lokacin yana matsawa gaba da kusan minti 50 kowace rana. Agusta kuma lokacin iskar kudu ce, Paje tana cika da masu wasan lilo da iska a kan ruwa. A Nungwi da Kendwa janyewar ba ta da yawa, ana iya shiga ruwa kusan kowane lokaci, sai dai jama'a sun fi yawa, ga masu talla, ga kiɗa da dare a wasu wuraren. Ki tambayi otal ko suna kusa da wurin casu kafin ki biya. Ki kuma tambaya game da kicin: naman tsibirin galibi halal ne, amma manyan otal na baƙi suna ajiye giya, wasu har naman alade a teburin abinci.

Kada ku raba mako ɗaya tsakanin wuraren biyu ba tare da lissafi ba. Daga Nungwi zuwa Paje kusan awa biyu ne, kuɗinsa kuma ya fi na filin jirgi.

Alhaji Mai Tikiti:
Batun kuɗin biya. Ku zo da dala sababbi masu tsabta. Tsofaffin bugu da masu yagewa ko rubutu ana ƙin karɓa, kuma takardar 50 da 100 ta fi ƙanana daraja a wajen canji. Ku canza kaɗan a filin jirgi, abin da zai biya mota da ruwa da ladan masu kaya, sauran a gari. Tun 2025 dokar Tanzaniya ta ce cinikin cikin gida da shilin za a yi, don haka ko direba ya faɗi farashi da dala, ku sa ya rubuta daidai da shi a shilin tun a saƙo, kada a tsaya gardamar canji a ƙofar otal. Takarda mafi girma ita ce ta 10,000, kuɗin mota zai zama ɗan damƙi, a ƙirga shi a ware tun kafin a shiga. Kada a dogara da katin naira. Otal kuma zai karɓi harajin gwamnati na 'yan daloli a kan kowane mutum kowane dare, sau da yawa ba ya cikin abin da aka biya ta intanet.

Layin waya da fasfo ake yi masa rajista, yana ɗaukar lokaci. Mutum ɗaya ya buɗe damar amfani da layinsa na gida a waje ko ya sayi data ta tafiya kafin a taso, don a iya kiran direba da an sauka. Leda kuma an hana shiga da ita, a zuba takalma da tsaraba a jakar yadi. Soket irin namu ne mai baki uku.

Ɗan Autan Zaure:
Idan tikitin Darussalam, birnin Tanzaniya da ke ƙetaren teku, ya fi araha fa, a ƙarasa ta ruwa?

Malam Na Agadas:
Ana yi. Jirgin ruwa mai sauri kusan awa biyu yake yi, ya ajiye ka a tashar Malindi, cikin gari. Amma ka haɗa lissafi duka: tasi daga filin jirgin Darussalam zuwa tashar ruwa cikin cunkoson birnin, tikitin kowane mutum a farashin baƙo, ga shi jiragen da rana kawai suke tashi, na ƙarshe da la'asar. Wanda ya sauka da yamma sai ya kwana a can. A sayi tikiti a ofishin kamfani ko shafinsa, ba a hannun masu tare mutane a bakin ƙofa ba. Fasfo da katin rigakafi da inshora su kasance a hannu, domin ana sake dubawa a Zanzibar. Daga Yuni zuwa Satumba kuma teku tana da ƙarfi, musamman a hanyar komawa, mai jiri ya sha magani tun kafin a shiga.

Maman Ilham:
To mun tsaya a Nungwi, Hiace guda, kwana na ƙarshe a gari. Saura kujerar yaro, ana samu?

Hajiya Mai Rakiya:
Sai an nema tun da wuri, ba kowace mota ke da ita ba. Ki faɗi shekarun yaron da nauyinsa, ki ce ya turo hoton kujerar a ɗaure cikin motar da zai zo da ita. Ki tambaya musamman ko kujerun bayan Hiace ɗin suna da bel, domin wasu an cire, kujerar yaro kuma ba ta ɗauruwa sai da shi. Idan babu tabbas, ku taho da taku. Yawancin kamfanonin jirgi suna karɓarta cikin kaya, amma a tambaye su kafin ranar tafiya. Ranar da zai dawo da ku gari daga Nungwi, idan ta faɗo Juma'a, ku tashi da ƙarfe tara na safe ko ku bari sai bayan an sauko daga masallaci, domin direban ma zai so ya samu salla.